Ƙwaya Kusa, Gashi Nesa: Zancen Inshora Da Maganin Zogi A Kinkinau

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta Kinkinau, daga bakin babbar hanyar nan ta Nnamdi Azikiwe wadda mutanen Kaduna ke kira Baifas, har ya kutsa cikin unguwa wajen Unguwar Mu'azu, zai ga yadda a ke neman abinci da ƙashin baya. Ga 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki, ga masu buga bulo sun duƙa tun rana ba ta fito ba, ga teloli sun nufi Kasuwar Barci inda za su wuni a kan keke, ga maƙera da masu walda sun nufi Panteka. Ko malamin makaranta, wanda a ke cewa aikinsa na inuwa ne, a tsaye ya ke wuni gaban allo, in ya zauna kuwa sai ya sunkuya kan littattafan yara. In magariba ta yi, ka tsaya kusa da kowane kemis na unguwar ka kasa kunne, magana ɗaya za ka yi ta ji: "A ba ni na ciwon jiki."

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne labarin wani malami, ɗaya daga cikin waɗanda aikinmu na duba makarantu ya haɗa mu da su. Ba za mu faɗi sunansa ba, ko makarantarsa, ko asibitin da ya je, ko inshorar da ya ke ciki, gama ba ƙarar kowa muka kawo ba. Mutum ne mai himma, ya yi shekara goma sha bakwai yana koyarwa ba a taɓa kai masa takardar gargaɗi ba. Sai ciwon baya ya kama shi, irin wanda ke sauka ta ɗuwawu har zuwa sha-raɓa. Yana da katin inshorar lafiya, wanda a ke yankar kuɗinsa daga albashi kowane wata, saboda haka ya tafi asibitin da aka rubuta masa. Aka ba shi farasitamol da dikulofenak, ya sha, ya ji dama-dama, bayan mako biyu ciwo ya komo. Ya koma, aka sake ba shi irinsu. A zuwa na uku ya sami wani likita wanda ya kwantar da shi, ya ɗaga ƙafarsa, ya lallatsa bayan, sa'an nan ya ce masa, "Malam, abin da bayanka ke so gashi ne da motsa jiki." Ya rubuta masa takardar zuwa sashen gashin ƙashi a wani asibiti babba.

Daga nan aka shiga jira. Sai da aka nemi lambar izini daga wajen masu inshora. Da ta fito, ashe wurin gashin yana can wani gefen gari, keke biyu zuwa, keke biyu dawowa, kuma da safe a ke yi, daidai lokacin da ya kamata yana cikin aji. Duk da haka ya daure ya je 'yan lokatai, har ya fara iya ruku'u ba tare da ya dafa bango ba. Ana nan sai aka ce masa rabonsa ya ƙare, in yana son ci gaba sai daga aljihunsa, kuɗin zuwa ɗaya kuwa ya kai cefanen gidansa na kwana biyu. A daren nan ya tsaya wani kemis, yaron kantin ya miƙo masa tiramol, ya ce wannan shi ne maganin manya. Kuɗin kati guda bai kai kuɗin keken zuwa gashi sau ɗaya ba.

Bayan wata shida muka same shi yana gyangyaɗi a aji da hantsi. Da muka keɓe da shi, shi da bakinsa ya gaya mana cewa ranar da bai sha ba sai hamma, da majina, da gumi, da zawo, jikinsa duk ya ɗauki tsami fiye da ciwon da ya kai shi asibiti da fari. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Ya kamata mu bayyana wa masu karatu ko mene ne wannan magani, domin da yawa suna sha ba su san danginsa ba. Akwai wata fulawa da a ke nomawa a ƙasashen Asiya, wadda in an tsaga ƙwallonta wani ƙaro ke fitowa, ana ce da shi ofiyom. Daga cikinsa a ke fid da mofin da kodin. Daga baya masana suka koyi haɗa waɗansu a masana'anta masu aiki irin nasa, cikinsu har da fentazosin, allurar nan da a ke kira fenta, da tiramadol, wanda wani kamfanin Jamus mai suna Grünenthal ya fara sayarwa a 1977. Dukansu hanya ɗaya su ke bi: suna zuwa ƙwaƙwalwa da laka su danne saƙon zogi, su kawo wani daɗi da kasala. Abin da ya kawo ciwon kuwa yana nan inda ya ke. In an daɗe ana sha jiki ya kan saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Tiramol da hukumar NAFDAC ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, amma wanda ke yawo a tasha da lungu akwai mai 200, da mai 225, har da mai 250, kuma yawansa ya kan jefar da mutum ƙasa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya.

A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, suka bi Nijeriya suka yi bincike, aka buga sakamakon a Janairun 2019. Suka ce mutum miliyan 14 da dubu 300, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye cikin shekarar da ta gabata, banda giya da taba. Daga cikinsu miliyan 4 da dubu 600 dangin ofiyom na kemis suka sha, galibi tiramol, ba bisa umarnin likita ba. Miliyan 2 da dubu 400 kuma maganin tari suka sha don maye. Cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A watan Mayu na 2018, bayan BBC ta nuna wani fim a kan cinikin kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da yin sa. Aka kuma tsananta wa tiramol a tashoshin jiragen ruwa. Amma tsugune ba ta ƙare ba, don a Fabrairun 2025 BBC ta sake bankaɗo wani kamfani a Indiya yana turo wata sabuwar ƙwaya zuwa Afirka ta Yamma, haɗin tafentadol da wani maganin sake jijiya, har Gwamnatin Indiya ta hana yin haɗin.

Mu kan tara duk waɗannan mutane mu kira su 'yan ƙwaya, mu bar su da NDLEA. Lalle akwai waɗanda abokai suka ja, akwai waɗanda zaman banza ya kai. Amma akwai kuma waɗanda ta ƙofar ciwo suka shiga, da rawaninsu da mutuncinsu, irin malamin nan. Su ne abin zancenmu yau.

To, in ba ƙwayar nan ba, mene ne? A nan ilmin likitoci ya ci gaba ƙwarai cikin shekarun nan. A 2018 aka buga wani gwaji da aka yi a asibitin tsofaffin sojoji na birnin Miniyafolis a Amurka. An ɗauki mutum 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya ko na gwiwa ko na ƙugu, aka ba rabinsu dangin ofiyom, rabi kuma aka ba su magungunan da ba su cikin dangin, aka bi su shekara guda. Masu shan ofiyom ba su fi sauran iya harkokinsu ba, zoginsu bai fi na sauran sauƙi ba, illar magani kuwa ta fi yawa a wajensu. A 2023 aka buga wani daga Ostareliya, mutum 347 masu sabon ciwon baya ko na wuya, aka ba waɗansu ofiyom, waɗansu kuma ƙwayar da babu kome cikinta, ba wanda ya san wadda ya samu. Bayan mako shida masu ofiyom ba su fi masu ƙwayar banza sauƙi ba. A watan Disamba na shekarar nan ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da jagora a kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta ce ciwon baya ya taɓa mutum miliyan 619 a duniya a 2020. Ta ce a koya wa majiyyaci halin ciwonsa, a sa shi tsararren motsa jiki, a yi masa tausa da gyaran baya da hannu, a taimake shi da shawarar masanan halin ɗan Adam in tsoro da damuwa sun shiga, a ba shi irin su ibufurofen in da bukata. Dangin ofiyom kuwa ta ce kada a riƙa ba da su don wannan ciwo.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu sun san ruwan zafi da tsumma, sun san tausa da man kaɗanya, sun san ƙahon wanzami da karan maɗori. Ba mu ce duk abin da suka yi daidai ne ba, gama aska ɗaya ga mutum goma ta yaɗa cuta, ɗori marar kyau kuma ya sa an yanke hannuwan yara ba iyaka. Amma sun gane cewa hannu da ɗumi da motsi suna warkarwa. Shi ya sa da aikin fisiyo ya zo, sai Hausawa suka raɗa masa suna gashi, ko da ya ke ɗumama wurin ƙaramin ɓangare ne na aikin, babbansa shi ne koya wa jijiya da tsoka su koma bakin aikinsu. Turawa biyu daga Ingila suka kawo shi Nijeriya a 1945, a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966. A Arewa asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ya daɗe da sashensa, Jami'ar Bayero kuma tana yaye masu wannan sana'a. Watau maganin yana nan cikin ƙasa, da masu yinsa. Abin tambaya shi ne wa zai biya.

Inshorar lafiya adashi ce, sai dai ɗaukarta ba bi da bi ba ne, wanda ciwo ya kama shi ke kwasa. Tun 1962 Ministan Lafiya na Tarayya, Dokta Majekodunmi, ya kai shawarar irinta majalisa a Ikko, ba ta sami shiga ba. Sai a 1999 Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa dokar NHIS, aka fara aiki da ita a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo, da ma'aikatan Tarayya: ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya don lafiya matakin farko. Jihar Kaduna ta kafa tata hukumar taimakekeniya, KADCHMA, a 2018. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mai da NHIS ta zama NHIA, ta kuma ce inshorar lafiya tilas ce a kan kowa, ta kafa asusu don marasa ƙarfi. A ƙarshen 2024 hukumar ta ce waɗanda ke cikin inshora a ƙasar sun kai wajen miliyan 19, cikin jama'ar da ta haura miliyan 200. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da a ke kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa ya ke fitowa.

Yanzu sai masu karatu su lura da yadda a ke biyan asibiti, don a nan gizo ke saƙa. Asibitin farko, wanda sunansa ke kan katinka, ana biyansa kuɗin kai ne. Kowane wata a kan ba shi wani abu ƙayyadadde a kan kowane mutum da aka rubuta masa, ko mutumin ya zo ko bai zo ba, daga ciki kuma zai fid da kuɗin ganin likita da na magani, majiyyaci ya biya ushirin kuɗin maganin. A tsarin Tarayya wannan kuɗin kai ya tsaya a Naira 750 tun daga 2012 har 2024, alhali kuwa kowa ya san abin da ya sami Naira cikin waɗannan shekaru. An ƙara shi a 2024, aka sake ƙarawa a 2025, har ya kusa ninkawa. To, asibitin da ke riƙe da ɗan wannan kuɗi, in mai ciwon baya ya shigo, me ya fi masa sauƙi? Ya rubuta ƙwaya mafi araha cikin minti biyar, ya kira na gaba. Ba mugunta ba ce, lissafi ne, kowa aka ɗora a kujerar nan haka zai yi.

Gashi kuwa yana mataki na biyu. Sai asibitin farko ya tura ka, sai kamfanin da ke tsakani ya ba da lambar izini, sa'an nan a yi maka, a biya asibitin gwargwadon aikin da ya yi, kuma an ƙayyade yawan zuwan. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin nan su riƙa ba da lambar cikin awa ɗaya, abin yabo ne, ya kuma nuna cewa ita ma ta san jiran ya yi yawa. Amma ko lambar ta fito nan take, sauran shingen suna nan: nisa, da kuɗin keke, da barin aiki, da ƙarewar rabo tun ciwo bai ƙare ba. Mutumin Kinkinau yana da asibitin Yusuf Dantsoho a Tudun Wada kusa da shi, da asibitin koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, da na Jami'ar Ahmadu Bello can Shika. Kemis kuwa yana bakin ƙofarsa, a buɗe har goman dare, ba ya neman lamba, yana ba da bashi.

Mutanen Amurka sun riga mu faɗawa wannan rami, kuma nasu ya fi zurfi. A 1996 kamfanin Purdue ya fito da wata ƙwaya mai suna OxyContin, ya bi likitoci yana cewa da wuya ta kama mutum. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara gaban kotu, amma kafin nan wuta ta riga ta ci. A 2021 mutum fiye da 100,000 suka mutu a Amurka saboda shan ƙwaya fiye da kima, wajen 80,000 daga cikinsu dangin ofiyom ne suka kashe su. Da aka zauna bin sawu, sai aka tarar masu inshora ma suna da hannu. Sun sa dangin ofiyom a jerin magunguna masu araha waɗanda a ke bayarwa ba tambaya, gashi da sauran hanyoyi kuwa sun kewaye su da neman izini da ƙarin biya. Likita da majiyyaci duka sai suka bi ƙofar da aka bari a buɗe.

Saboda haka suka shiga gyaran dokokin inshora. Jihar Oregon, daga 2016, ta sa inshorar talakawanta ta riƙa biyan gashi, da tausa, da sukan allura irin na mutanen Sin, ga masu ciwon baya, ta kuma taƙaita ba su ofiyom. Jihar Bajiniya ta Yamma, wadda ta fi kowace jiha asarar rayuka gwargwadon yawan jama'arta, ta yi doka a 2018 cewa masu inshora su biya zuwa ashirin na gashi da makamantansa in likita ya rubuta. Medicare, inshorar tsofaffi ta Gwamnatin Tarayyarsu, ta fara biyan sukan allura don daɗaɗɗen ciwon baya a 2020, zuwa 12 cikin kwana 90, a ƙara 8 in an ga sauƙi. A ƙarshen 2022 majalisarsu ta zartar da dokar da su ke kira NOPAIN, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2025, za ta kuma kai ƙarshen 2027. Da, in an yi wa tsoho fiɗa irin ta a-yi-a-sallama, kuɗi ɗaya a ke ba asibiti a dunƙule, saboda haka ya kan zaɓi ƙwaya mafi araha don ya tsira da saura. Dokar ta ce a riƙa biyan maganin zogi wanda ba ofiyom ba daban. Jihar Tenesi kuma a 2024 ta ce kada inshorar talakawanta ta sa wa maganin da ba ofiyom ba sharaɗin da ya fi na ofiyom tsauri.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Amma ba kome nasu za mu kwaso ba. Cikin masu tura waɗannan dokoki har da kamfanonin da ke da sababbin magunguna masu tsada suna neman mai biya. A Janairun 2025 aka yarda da wata sabuwar ƙwayar zogi a can mai suna Journavx, wadda ba ta cikin dangin ofiyom, kuɗin guda ɗaya ya haura dala 15. Asusunmu ba zai ɗauki wannan ba, ba ma bukatarsa. Abin da ya dace da mu cikin nasu shi ne ƙa'idar nan guda: hanyar da ba ta kama mutum kada ta fi mai kamawa wuyar samu.

A ganinmu ga yadda za a sa wannan ƙa'ida cikin littafin NHIA da na KADCHMA. Ciwon baya da na wuya da na gwiwa suna yawan kai ma'aikata da 'yan kasuwa asibiti, to, a bar likitan farko ya tura mai irinsu gashi kai tsaye, a kuma biya gashin daban, kada a cire daga kuɗin kai. Yawan zuwa a auna shi da samun sauƙi, kamar yadda Medicare ta yi: a ba da kaso na farko, in mai gashi ya shaida ana ci gaba a ƙara. Sa'an nan a kawo gashin kusa. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, ta kuma daɗe da shirin asibitin matakin farko ɗaya a kowace mazaɓa. Ba lalle sai an ajiye mai gashi a kowanne ba, don ba su kai yawan haka ba. Amma mutum ɗaya yana iya zagaya asibitoci biyar a mako, ya tara masu ciwon baya ashirin a rumfa ɗaya ya koya musu motsin da za su yi a gida, maza daban mata daban, da la'asar ko ran Asabar sa'ad da malami da tela suka sami sarari. Mu da muka yi makarantar horon malamai mun san cewa abin da a ke koya wa mutum ɗaya ana iya koya wa aji guda, tabarma kawai a ke bukata.

Za a ce ina kuɗi? Tambaya ce ta gaskiya, gama asusun taimakekeniya ba rijiya ba ce. Amma arahar ƙwaya ta ranar farko ce. Sauran kuɗin ana biyansa daga baya, sai dai ba a littafin mai inshora ya ke fitowa ba. Yana fitowa a ajin da ya zauna ba malami, da gadon asibitin masu taɓin hankali na Barnawa, da aljihun matar da ta sayar da kayan ɗakinta. Za a kuma ce, ai ɗan ga-ruwa ba shi da kati, wannan gyara bai shafe shi ba. Wannan ma gaskiya ce, ba za mu ɓoye ba. Shi yana shan tiramol ne don ya iya tura kura gobe, in bai fita ba ba a ɗora tukunya. Dokar 2022 ta ce tilas kowa ya shiga, amma tilas a takarda ba ta sa kati a aljihu. Sai an bi ta ƙungiyoyinsu, na teloli da na masu keke da na 'yan Panteka, an karɓi kuɗin kaɗan-kaɗan yadda su ke samu, an kuma nuna musu cewa katin yana sayen abin da kemis ba ya sayarwa.

Akwai gargaɗi biyu da ba za mu tsallake ba. Na farko, kada wani ya karanta wannan ya ce to, tun da dikulofenak da ibufurofen ba su kama mutum, bari ya mai da su goro. Shan su kullum yana huda ciki, yana lalata ƙoda, yana ta da hawan jini, balle ga tsofaffi. Farasitamol ma in babba ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a yini, hanta ce ke biya. Haɗin nan da a ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, wanda mai sha bai san sunan ko ɗaya ba, ya fi duka haɗari. Shi ya sa mu ke nanata gashi da motsa jiki, domin sauya ƙwaya da ƙwaya kaɗai ba zai fid da mu ba.

Na biyu ya fi nauyi. Akwai ciwon da ba abin da ke taɓa shi sai mofin. Mai ciwon daji da ya ci jiki, da wanda ya ƙone, da wanda aka yi wa babbar fiɗa, da mai amosanin jini sa'ad da ciwon ya tashi, hana su mofin zalunci ne. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakalar maganin zogi don masu ciwon daji, mofin ne a matakin sama. Abin mamaki a ƙasar nan shi ne tiramol ya cika tasha, amma mofin na halal ya kan yi wuyar samu a gadon asibiti. A Amurka ma, bayan jagorar da hukumar lafiyarsu ta fitar a 2016, waɗansu likitoci suka yanke wa majiyyata magani farat ɗaya, aka sha wuya ƙwarai, sai da aka sake jagorar a 2022. Masu amosanin jini kuwa, waɗanda a ke haifar wajen 150,000 a Nijeriya kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, zancensu ya haɗa gefen biyu. Da yawa cikinsu allurar fenta ta kama su, har ta ɓata musu cinyoyi da gyambo, don ciwo ya tashi da dare ba inda za su. Akwai magani mai suna haidiroksiyuriya wanda ke rage yawan tashin ciwon in ana sha kullum ƙarƙashin kulawar likita. Inshorar da ta tabbatar yana samuwa kowane wata, ta biya gwajin jinin da ke tafiya da shi, ta rage allurar fenta fiye da yadda kame zai rage.

Kafin hukumomi su zauna, mai kati yana da abin yi. In an rubuta maka maganin zogi, tambayi likita ko yana cikin dangin ofiyom, kwana nawa za ka sha, yaushe za ka daina. In ciwon baya ya wuce 'yan makonni, ka roƙi a tura ka gashi, ka tambayi zuwa nawa katinka ya ɗauka tun ranar farko, ka ce wa mai gashi ya koya maka abin da za ka yi a gida. In kuwa ciwon ya zo da sanyin ƙafafu, ko riƙewar fitsari ko zubarsa, ko zazzaɓi da rama, wannan ba na jira ba ne, a tafi asibiti a ranar. Wanda ƙwayar ta riga ta kama, kada ya yar da ita dare ɗaya, likita ke rage ta sannu-sannu.

Haka aka yi wa malaminmu. Wata uku likita yana rage masa, yana shan wuya, matarsa ce ke riƙe da maganin tana ƙirga masa. Kuɗin komawa gashi abokan aikinsa suka tara, suka ba shi ɗaukar adashinsu ta watan nan ba layinsa ba. Ya je sau takwas, ya haddace motsi shida. Da muka koma makarantar a zangon da ya wuce, mun tarar da tabarma a ɗakin malamai, shi da waɗansu malamai huɗu suna kwance rigingine suna jan gwiwa zuwa ƙirji kafin a kaɗa ƙararrawa, yana ƙirga musu. Katinsa na inshora yana nan cikin aljihu, ana kuma yankar kuɗinsa kowane wata.